Me Ya Sa Ba A Ƙera Jirgi A Ƙasar Aljanu?

Wannan tambaya ta taso ne wani dare a ɗakin kwananmu, bayan da muka gama kallon fim ɗin da aka yi daga littafin nan na J.R.R. Tolkien, wato The Lord of the Rings, wanda aka buga a 1954 da 1955. Wani abokina mai karatun injiniya ya yi tsaki, ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai shi ne takobin jarumin labarin. An karya shi a wani yaƙi, aka adana gutsattsarinsa har shekara wajen 3,000, sannan aka sake ƙera shi aka koma fagen fama, kuma ga shi har a lokacin takobi da baka da doki su ne kayan yaƙi. Ya ce a tamu duniyar, tsakanin tashin jirgin sama na farko a 1903 da saukar mutum a kan wata a 1969, shekara 66 ce kacal. To, su me suke yi duk tsawon wannan zamani? Aka yi dariya aka watse, amma ni maganar ta hana ni barci.

Amsar da ta fara zo mini ita ce wadda kowa zai bayar: rashin uwa akan yi uwar ɗaki, kuma wanda yake da aljani ba ya neman inji. Mu dubi Alauddin na cikin Dare Dubu da Ɗaya. Ya goga fitila, kafin gari ya waye an gina masa fada, alhali kuwa babu magini ko ɗaya da ya ƙaru da komai a wannan aiki. Ranar da aka sace fitilar, fada ta tashi sama ta bar fili. Haka kuma a Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, Alhaji Imam ya sha wahalar duniya har ya ɗebo ruwan da ya warkar da ɗan sarki, amma ɗebo shi ya yi, ba haɗa shi ya yi ba. In ya ƙare, sai dai wani jarumin ya sake ɗaura ɗamara. Ingila kuwa, da ruwa ya riƙa cika ramukan haƙar kwal, babu aljanin da za a kira, shi ya sa Thomas Newcomen ya ƙera injin tururi na zuƙe ruwa a 1712.

Wannan amsa tana da gaskiyarta, sai dai ba ta ƙosar da ni ba. Ai ko a ƙasar aljanu ba kowa ke da fitila ba. Talakawa suna nan suna noma da fartanya, suna jan guga. Me ya hana su su yi dabara?

A nawa ganin, amsar tana cikin kalmar da mu Hausawa muke kiran abin da ita, wato asiri. Tushenta ɗaya da sirri, abin da aka ɓoye ke nan. Mai asiri ba ya buɗe makaranta. Yakan zaɓi ɗa guda ko almajiri guda ya ba shi, kuma sau da yawa yakan rage wani abu don kada yaro ya fi shi. Almajirin ma in ya tsufa haka zai yi. Saboda haka kowane zamani da ya zo yana karɓar ƙasa da abin da na gabansa ya sani. Wannan ne ya sa a irin waɗannan labarai takobin da ya fi kaifi shi ne na kakanni, littafin da ya fi ƙarfi shi ne wanda ya fi tsufa. A can, da tsohuwar zuma kaɗai ake magani, don babu mai kiwon sabuwa.

Akwai misali mai kyau a littafi na shida na Harry Potter, na J.K. Rowling, wanda ya fito a 2005. Yaron ya tsinci tsohon littafin haɗa magunguna wanda wani ɗalibi ya yi wa gyare-gyare a gefen shafi, kuma gyaran ya fi abin da aka buga inganci nesa ba kusa ba. Wannan ɗalibi ya girma har ya zama malami a makarantar, amma gyaransa bai shiga littafin da ake bugawa ba, yara suna nan suna bin tsohuwar hanya. Yanzu a gwada wannan da labarin James Watt. An kawo masa ɗan samfurin injin Newcomen ya gyara a Jami'ar Glasgow, ya buɗe shi, ya ga inda yake ɓarnar wuta, ya yi masa kwaskwarima, ya yi rajistar dabararsa a 1769 tare da bayaninta a rubuce. Wasu suka ɗora a kan nasa, har aka kai ga jirgin ƙasa, wanda dogonsa ya iso Kano a 1911. Ba wai Watt ya fi bokan tatsuniya basira ba ne. Bambancin shi ne injin yana buɗe, kowa na iya leƙawa ya ga kuskuren na gabansa.

Kada a ɗauka wannan cuta ta tatsuniya ce kawai. Rumawan Kustantiniyya suna da wata wuta da suke fesa wa jiragen abokan gaba tun wajen shekarar 672, wadda take ci ko a kan ruwa. Sun ɓoye haɗinta ƙwarai, sai 'yan tsirarun mutane suka sani, har ya zamana ta ɓace musu su kansu.

Ni kuwa ba sai na je Rum ba, a gidanmu na gani. Kakana mai ɗori ne, daga ƙauyuka masu nisa ake kawo masa masu karaya. Yana da wani haɗi na saiwoyi da yake shafawa kafin ya ɗaura karare, kuma shi kaɗai yake fita daji da asuba ya haƙo su. Duk lokacin da mahaifina ya tambaye shi, sai ya ce, "Kai dai yi haƙuri, lokaci bai yi ba." Ina aji uku na sakandare ya kwanta ciwon kwana biyu, Allah ya yi masa rasuwa. Saiwa biyu kawai mahaifina ya sani daga ciki. Bayan shekara guda ƙanena ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a hannu, muka kai shi asibiti a birni, sai da aka sayar da tunkiya kafin a biya kuɗin. Ba zan manta da yadda mahaifina ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ya yi tagumi ba, bai ce da kowa uffan ba. Abin da ya fi damuna a yau shi ne, ba mu da hanyar sanin ko saiwoyin ne ke aiki, ko kuwa gwanintar hannun tsohon ce, domin abin da aka ɓoye ba a iya gwada shi, balle a gyara shi.

Ban ga laifin kakana ƙwarai ba. Da wannan sani yake ci da iyalinsa, da shi ake girmama shi, kuma yana tsoron kada ya faɗa hannun macuci. Amma ga inda tsoron ya kai mu.

Su marubutan nan suna da dalilinsu na tsayar da agogo. Tolkien ya ga yadda birnin Birmingham ya cinye karkarar da ya tashi a ciki, ya kuma ga yaƙin Somme da idonsa a 1916, don haka a littafinsa mugun boka ne mai sare itatuwa yana kafa injuna. Shi labari yake yi, yana da ikon barin mutanensa da takobi har abada. Mu fa?

'Yan'uwa ɗalibai, hutu ya kusa. Kowannenmu yana da tsoho ko tsohuwa a gida mai wani sani na rini, ko jima, ko ƙira, ko unguwarzoma. Mu je da littafi da alƙalami, mu durƙusa mu roƙa, mu rubuta da izininsu da sunansu, mu kai wa abokanmu na sashen haɗa magunguna da na injiniya su gwada. Kuma wanda ya saba ɓoye wa abokan ajinsa littafin da ya samo a laburare, ya sani shi ma ƙaramin boka ne. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ilimi mai amfani, amin.