Hoto Bashi Ne: Abin Da Muka Koya Tsakanin Sabo Da Jebba



Mutane da dama sun sha tare mu a ƙofar masallaci ko a kasuwa suna tambaya: wai me kuke nema a dajin Allah bisa babura, ga tsadar mai, ga halin da ƙasa take ciki? Wani dattijo ma ya ce mana kai tsaye, wannan yawon banza ne, magidanci ba ya yin sa. Ba mu ji haushi ba, domin da a ce ba mu ne a ciki ba, wataƙila mu ma haka za mu ce. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu ba da labarin yadda abin ya faro da abin da muka tsinta a ciki.

Mu bakwai ne. Shida haihuwar Sabon Ibadan, ɗaya kuma an kawo shi daga Katsina yana ɗan shekara tara. A cikinmu akwai bakanike, akwai tela, akwai malamin firamare, biyu 'yan acaba, ɗaya yana sayar da albasa a Bodija, ɗaya yana harkar shanu a karar Akinyele. Baburanmu ba na gayu ba ne: Bajaj Boxer huɗu, TVS biyu, sai wata tsohuwar Jincheng da ba ta tashi sai an tura ta. Kyamara guda ɗaya gare mu, Canon ta hannu, wadda muka yi karo-karo muka saya. Sauran hotuna da wayoyinmu muke ɗauka.

Wani yaro ne ya tayar da maganar. Muna zaune wurin mai shayi bayan isha'i, sai ɗan telanmu ya zo da littafin makaranta, ya nuna hoton Dutsen Olumo na Abeokuta, ya ce, "Baba, ka taɓa zuwa nan?" Uban ya yi shiru. Muka dubi juna, ashe duk cikinmu babu wanda ya taɓa zuwa, alhali tafiyar ba ta kai awa biyu ba. An kafa Sabo tun 1916. Fiye da shekara ɗari ke nan kakanninmu da iyayenmu suna nan, suna fataucin goro da shanu, amma abin da yawancinmu muka sani a ƙasar nan bai wuce Mokola da Bodija da tashar Ojoo ba, sai kuma hanyar gida da muke hangowa ta tagar motar dare. Daren nan muka yi shawara: Lahadi ɗaya a kowane wata biyu, babur ɗin da ke neman abinci shi ma a bar shi ya ga duniya.

Mun fara da kusa. Muka hau hasumiyar Bower da ke kan tudun Oke Are, muka hango rufin kwanon Ibadan ya yi ja da tsatsa har iyakar ganin ido. Daga nan muka je Olumo da yaron nan da ya tambaya. Sai Erin-Ijesha, inda ruwa ke zubowa daga dutse hawa-hawa, sai Ado-Awaye kusa da Iseyin, inda za ka hau dutse har numfashi ya ɗauke sannan ka tarar da tafki a can samansa. Gani ya kori ji.

Hotunanmu na farko kuwa abin dariya ne. Duk fuskokin baƙi ƙirin, sararin sama fari fat. A hankali muka gane cewa rana ce ke yi mana haka: idan tana bayan wanda ake ɗauka, fuska ta tafi, idan kuma tsakar rana ce, inuwar hula ta rufe ido. Hoto mai kyau da sassafe yake ko bayan la'asar. Muka koyi goge gilashin kyamara kafin a ɗauka, domin ƙurar hanya ba ta barin komai. Muka koyi naɗe ta a tsohon zani, a sa a leda, a goya a baya, don jijjigar babur ba ta yi mata daɗi. Duk wannan da kuskure muka koya, babu wanda ya je makaranta a kai.

Amma babban darasin ba na haske ba ne. Wata rana muna dawowa ta hanyar Iseyin, muka ratsa wani ƙauye inda mata ke suyar garin kwaki a ƙarƙashin rumfa. Hayaƙi yana tashi, hasken yamma yana ratsa shi, abin gwanin kyau. Ɗayanmu ya rage gudu, ya ɗaga kyamara daga kan babur ya ɗauka, ko sallama bai yi ba. Kafin mu ankara mata sun yi ihu, samari sun fito, 'yan sintiri sun tare hanya. A nan ne muka ga kanmu yadda su suke ganinmu: maza bakwai baƙi, bisa babura, da kyamara, magariba tana gabatowa. Wallahi ko a ƙauyen kakanninmu ne aka ga haka, sai an tambaya.

Aka kai mu gaban Baale, wato mai garinsu. Abu biyu ne suka taimake mu bayan ikon Allah. Na farko, Yarbancin da muka tashi da shi, muka rusuna muka gaishe shi yadda suke gaida manya. Na biyu, malaminmu yana yawo da ambulan na hotunan da ya wanke, a ciki har da 'ya'yanmu a kan Olumo suna shan rake. Hotunan suka zagaya hannu zuwa hannu, fuskoki suka fara sakewa. Sai tsohuwar da aka ɗauka ta matso, ta duba kanta a bayan kyamara, ta daɗe tana kallo, sannan ta yi tambayar da har yau ba ta bar mu ba. Ta ce, "Kun ɗauki fuskata, ina za ku kai ta?"

Ba mu da amsa. Muka ba ta haƙuri, muka ce a goge. Ta ce a'a, tun da an riga an ɗauka, a kawo mata abinta. Bayan mako uku biyu daga cikinmu suka koma da hoton, an wanke shi babba, an sa a gilashi. Suka dawo da buhun gari ɗaure a bayan babur, suka ce ta rataye shi a ɗakinta tun suna tsaye. Daga ranar muka kafa wa kanmu doka: hoto bashi ne. Ba a ɗauka sai an nemi izini, in an ɗauka kuma sai an wanke an mayar wa mai shi.

Wannan dokar ce ta cece mu a tafiyar Jebba, ko da yake a lokacin ba mu sani ba.

Muna da wani kawu, ƙanen mahaifiyar uku daga cikinmu, amma duk Kawu muke ce masa. Yana saurayi ya sauko kudu a taragon shanu, yana rakiyar dabbobin wani maigida, daga nan kuma Allah ya rubuta zamansa a Sabo. Kullum in ya ga hotunanmu sai ya taɓe baki ya ce, "Duwatsu kawai kuke bi. Ku kai ni Jebba in ga ruwa da rana." Ya ce sau da yawa ya tsallaka Kogin Kwara, amma ko cikin dare ko cikin barci, bai taɓa tsayawa da ƙafarsa ya kalle shi ba.

Daga Ibadan zuwa Jebba kimanin kilomita 250 ne, ta Oyo da Ogbomoso da Ilori. Ba mu taɓa yin mai nisa kamar wannan ba. Muka ɗauki hayar ƙaramar bas don Kawu da mata da yara, babura a gaba, mota a baya. Bakanikenmu ya shafe kwana biyu yana duba birki da ceni da tayoyi, ya ɗauko tiyub biyu da fulogi da famfo da kayan faci. Muka kwana a Ilori wurin 'yan uwa, muka yi asubanci. Wanda ya san hanyar Ilori zuwa Jebba ya san tireloli da tankoki ne masu ita, kai mai babur baƙo ne. Jincheng ta mutu sau biyu, taya ɗaya ta yi faci, wata tirela ta tura ɗayanmu gefen kwalta har gwiwarsa ta goge. Duk da haka kafin hantsi ya yi zafi muna bakin ruwa.

Jebba wuri ne mai tarihi. Layin dogo daga Legas ya iso nan a 1909, kuma kafin a gama gada, a jirgin ruwa ake tsallakar da taragai. Wannan gefe Jihar Kwara, wancan gefe Jihar Neja. Ga wani dutse ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar ruwa, ga ginin tunawa da Baturen nan Mungo Park da ya bi kogin har ya rasa ransa a wajen Busa. Malaminmu yana ta bayani, mu kuwa muna ta jingina da babura, wannan ya gyara tabarau, wancan ya ɗaga yatsu biyu. Muka ce, "Kawu, a ɗan juyo a kalli kyamara mana." Ya ɗaga mana hannu ba tare da ya waiwayo ba. Ya sauka har bakin ruwa da sandarsa, ya tsuguna ya yi alwala, ya daɗe yana kallon wancan tsallake. Da ya tashi abin da ya ce kawai shi ne, "A nan na yi kuka, ranar da na fara wucewa." Bai ƙara ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Mun dawo da hotuna sun fi ɗari biyar. Da muka zauna tacewa sai kunya ta kama mu: kusan duka mu ne da baburanmu. Kawun da aka yi tafiyar dominsa, in ya fito ma, sai gefen hularsa ko rabin kafaɗa. Hoto ɗaya tak ya kama shi sosai, kuma ba mu muka ɗauka ba. 'Yar yayanmu ce, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, ta ɗauka da wayar mahaifiyarta. Hoton ya ɗan karkace, amma ga Kawu a tsugune, ruwa na ɗiga daga gemunsa, idonsa na kan Arewa. Saboda dokar nan tamu, a makon muka kai shi wurin mai hoto aka wanke, muka kai masa. Ya juya shi, ya yi murmushi, ya ce, "Ashe na tsufa." Ya sa a cikin akwatinsa.

Bayan wata biyu memorin kyamara ya lalace, duk abin da ke ciki ya tafi. Wayar nan ta mahaifiyar yarinyar kuma aka zare ta a kasuwa. Da damina ta kama, Kawu ya kwanta ciwon kwana tara, Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makoma. Da 'yan uwansa suka zo ta'aziyya daga gida, ƙanwarsa da ta shekara ashirin ba ta gan shi ba ta ce ko akwai hotonsa ta kai wa jikoki. Aka buɗe akwati. Ban da ɗan ƙaramin hoton katin zaɓe, wannan na bakin ruwa ne kaɗai. Mutum ya yi shekara hamsin a cikinmu, kowannenmu da waya mai kyamara a aljihu, amma da ba don yarinya ƙarama da takarda guda ba, da babu abin nunawa. Muka sa aka sake ɗaukar hoton daga jikin takardar, aka wanke goma sha biyu, kowane gida ya samu.

Yanzu tafiye-tafiyen sun ragu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 sai mun yi adashe kafin mu cika tankuna. Tun bayan abin da ya faru da matafiya a Uromi cikin Maris na 2025 kuma, iyayenmu mata ba sa runtsawa in mun fita, kuma suna da gaskiya. Don haka ba ma wuce inda muka san mutane. Kafin mu tashi sai mun sanar da shugabanninmu, mu kira wani a Sabon garin da za mu, kowa da takardun babur da katin shaida da hular kwano. Ba ma tafiyar dare, ba ma ɗaukar shingen jami'an tsaro, in mun isa gari kuma mai gari muke fara gaisarwa. Duk saurayin da ke sha'awar bin mu, da waɗannan sharuɗɗa zai zo.

Roƙonmu gare ku ba wai kowa ya hau babur ba ne. A'a. Akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da ke da nasa Jebba, ko da bai wuce tsohuwar tashar jirgi ko rumfar da ya fara sayar da goro ba. Ku kai shi, ku bar shi ya yi magana, ku juya kyamarar ta bar kallonku ta kalle shi. Sannan kada ku bar hoton a waya. Ku wanke, ku rubuta a bayansa wane ne, ina ne, wace shekara ce. Wanda kuma yake da tsofaffin hotunan iyaye da suka fara cin tsatsa ko gara ta fara taɓawa, ya nemi malaminmu ko telanmu, za mu zo har gida mu sake ɗaukarsu, ba ma karɓar ko kwabo.

Bayan Sallah in Allah ya kai mu, Ikogosi muka nufa, inda ruwan ɗumi da na sanyi suke haɗuwa. Inna ta ce wannan karon da ita za a je, kuma 'yar yayanmu ce za ta riƙe kyamara. A sa mu a addu'a. Allah ya tsare mana hanya, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu.