Daga Njamena Zuwa Bol: Abin da Iska Ta Koya Mana

Duk wanda ya zauna a Njamena ya san cewa iskarmu iri biyu ce. Akwai ta hunturu mai hazo, wadda ke tasowa daga arewa maso gabas, ta ratsa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta kwashi ƙurar kwarin Bodele. Wannan kwari tsohon gindin tafki ne da ya ƙafe, masana kuma na lissafa shi cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Akwai kuma ta farkon damina, wadda ke gabatar hadari daga gabas, ta yaye kwano, ta karya bishiya. Ta biyun ce ta taɓa rutsa mu a kan ruwa, shi ya sa muke son ba ku labarinta.

Shekarun baya, cikin watan Yuni, muka tashi ziyarar dangi a Bol, babban garin lardin Tafki. Muka bi ta Masaget da Masakori da Nguri, tafiyar fiye da kilomita 300, yawancinta cikin rairayi. Sau uku muna sauka mu tura mota. Da muka iso, sai ga gari a tsakanin tudun yashi da ruwa: raƙuma a wannan gefe, kwalekwale a wancan. Mun ga fadamun da ake datse ruwan tafki a noma alkama da masara, aikin da hukumar SODELAC ta fara kula da shi a 1967. Mun ga shanun Kuri masu kumburarrun ƙahoni suna iyo daga tsibiri zuwa tsibiri, ga kanwa da bandar kifi an tara a bakin gaɓa ana jiran jiragen da za su kai su Baga ta Najeriya.

Dattawan garin suka nuna mana inda ruwa yake kaiwa a zamanin iyayensu. A 1963 faɗin Tafkin Cadi ya kai murabba'in kilomita dubu 25, amma farin 1973 da na 1984 suka janye shi har ya rage kusan kashi ɗaya cikin goma. Da yake tafkin ba shi da zurfi, iska kaɗan ta isa ta hargitsa shi.

Rana ta uku muka shiga jirgi za mu wani tsibiri gaisuwar ta'aziyya, da mata da yara. Matuƙinmu wani dattijon Buduma ne mai ƙarancin magana. Bayan la'asar iska ta ɗauke cak, zafi ya ƙaru. Sai ya dubi gabas, ya karkata jirgi zuwa cikin ciyawar ruwa, ya ɗaure, ya ce kowa ya zauna ƙasa. Mu kuwa muka shiga gunaguni, domin ga tsibirin muna hangowa. Ba a jima ba sai ga jan bango na ƙura ya tokare sama, rana ta ɓace, ruwa ya fara dukan jirgi. Muka rungume yara, bakin kowa na salati. Aka tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, sannan gari ya yi tsit. Da mun yi gardama mun yanki tsakiyar tafki, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare. Da muka tambaye shi yadda ya gane, sai ya ce shirun iska a irin wannan lokaci sallama ce, wanda bai amsa ba shi ya so.

Daga baya muka fahimci cewa wannan hadari ba a nan yake tsayawa ba. Yana tafiya yamma, ya ratsa Nijar da Mali, ya fita teku ta wajen Senegal da tsibiran Kap Ber. Idan ya tarar da ruwan teku da ɗumi, yakan rikiɗe ya zama mahaukaciyar guguwa. Irma, wadda ta ɗaiɗaita tsibiran Karebiyan da jihar Florida ta Amurka a 2017, ta wannan hanya ta taso. Ashe abin da ke yaye mana kwano ɗan tayi ne.

Tun harin da aka kai kasuwar Baga Sola a 2015, zuwa tsibiran nan ya yi wuya, amma darasin dattijon ya biyo mu gida. A Oktoban 2022 kogunan Shari da Logon suka tumbatsa, ruwa ya shiga Waliya da Tukra, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Wata ƙanwar mahaifiyarmu ta ƙi barin ɗakinta, tana cewa ruwa bai taɓa kaiwa nan ba. Da kyar muka fitar da ita cikin kwalekwale, washegari bangon ya zube a kan gadonta. A 2024 ambaliya ta sake dawowa, ta shafi mutum kusan miliyan biyu a faɗin ƙasa, fiye da 500 suka rasu.

Saboda haka, ya ku magidanta, kada mu jira hadari ya haɗo. Tun bazara a duba ƙusoshin kwano, a sake yaɓe, a gyara indararo, a yashe magudanar ƙofar gida tare da maƙwabta. Takardun haihuwa da na fili a sa su cikin leda, a rataye sama. A hana yara fakewa gindin bishiya ko jikin tsohon bango. Mai neman fili kuma ya tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya tsaya a 2022 kafin ya biya kuɗi. Idan aka ce a tashi, a tashi, domin kaya ana mayar da su. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ji ƙan waɗanda ruwa ya ci. Wassalam.