Banɗakin Hajiya

Ranar da aka kai ni gidan mijina a cikin birnin Kano, komai ya yi mini in ban da banɗaki. Ɗan tsukut ne, in kin miƙa hannu biyu sai kin taɓa bango da bango. Marigayi surukina ne ya gina shi tun maigidana yana goye. Akwai ƙananan tayil farare masu zanen shuɗi zuwa ƙugu, da famfon tagulla, da ƙofar katako mai nauyi, ga masai a lungu. Amma daɓen ya farfashe, ruwa yana kwanciya, gansakuka ta yi kore shar, ga sauro ga wari.

Ana nan sai na je ganin ɗakin wata ƙawata, na tarar da banɗakinta tayil har sama, sai sheƙi yake. Ke dai bari! Na dawo na tasa maigida a gaba da mita, ni dai a rushe namu a yi sabo. Ya ce, "Ki yi haƙuri, kin san albashin nan da ƙyar yake kai mu ƙarshen wata." Da maganar ta je kunnen Hajiya surukata sai ta ce, "'Yar nan, Alhaji da hannunsa ya jera tayil ɗin nan. Ina raye ba mai fasa shi." Na shige ɗaki ina ƙunƙuni, wai tsohuwa ta hana mu ci gaba.

Wata rana da asuba muka ji tim, sai salati. Hajiya ce santsi ya kwashe ta. Allah ya taƙaita, targaɗe ta yi a wuyan hannu. Ni na ɗaga ta, zaninta sharkaf, tana cije leɓe don kada ta yi kuka a gabana. Wallahi kunya ce ta rufe ni. Wata 3 ina rigimar ado, ko sau ɗaya ban tuna tsohuwar nan tana taka santsin nan kullum cikin duhu ba.

A makon nan kwasar adashina ta zo, kuɗin da na ƙwallafa rai a kan leshin sallah. Na damƙa wa maigida, ya kira wani dattijon magini. Mutumin nan bai ce komai ba, buta ya karɓa ya tuttular da ruwan a ƙasa. Maimakon ruwan ya nufi kwata, sai ya taru a bakin ƙofa. Ya ce, "Amarya, kin ga ciwon. Gangara ce babu. Tayil ɗin nan kuwa ko yau ba ki samun irinsa."

Ƙanin maigida ya je kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo siminti buhu 2, da bututun roba, da raga, da farar ƙasa, da guntun ƙarfe. Magini ya fasa tsohon daɓen kaɗai. Ya kwaɓa kwano 1 na siminti da kwano 3 na yashi, ya karkata sabon daɓen zuwa kwata. Bai goge shi sumul ba, sai ya bi shi da tsintsiya tun yana ɗanye don ƙafa ta riƙa kamawa. Kwana 7 ina yayyafa masa ruwa safe da yamma, don siminti in ya bushe da gaggawa tsagewa yake, mu kuma muna wanka a sashen maƙwabta. Bututun ya kafa shi daga ramin masai har ya zarce rufi, ya ɗaure bakinsa da raga, wari ya fita ta sama, ƙuda kuma ba hanya. Ƙarfen ya dasa shi a bango don Hajiya ta riƙa dafawa.

Sauran aikin nawa ne. Na shafe saman bango da farar ƙasa, na dirje tayil da buroshi da sabulu, famfon kuwa toka da lemon tsami na sa masa, sai ga shi yana ƙyalli kamar zinare. A nan zan ja kunnenku: kada ki kuskura ki haɗa ruwan bilic da wani maganin wanke masai, hayaƙin da ke tashi guba ne, balle a ɗan ƙaramin wuri.

Ranar da aka buɗe, Hajiya ta shiga ta dafa ƙarfen, ta shafa tayil ɗin Alhaji ta daɗe shiru. Ta fito ta ce, "Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki." Da tsohuwar atamfata na yi sallar bana, kuma ban ji komai ba.

'Yar uwa, ko kina gidan miji ko kina gaban iyaye, yau ki ɗauki buta ki zuba ruwa a banɗakinku, ki tsaya ki ga inda zai nufa. In ya kwanta, ki faɗa wa manya tun kafin wani ya faɗi. Allah ya tsare mana iyayenmu, amin.