Yadda Likitan Alƙahira Ya Karanta Takardar Jinin Taubashina

Duk wanda ya bi titunan Dokki ko Muhandisin a Alƙahira, in ya ɗaga kai zai ga allunan likitoci sun lulluɓe benaye tun daga hawa na farko har can sama. Ga na ido, ga na haƙori, ga na ƙashi, kuma a tsakiyarsu, ba ɓoye-ɓoye, ga allon likitan cututtukan maza da rashin haihuwa, da sunansa da digirinsa da lokacin da yake zama. Fannin yana da sashe nasa na kansa a Ƙasrul Aini, makarantar likitanci ta Jami'ar Alƙahira, wadda asalinta ke komawa 1827, zamanin Muhammad Ali Basha. Mu kuwa a gida, yawanci sai dai a ji zancen daga lasifikar mai mota a bakin kasuwa, an haɗa shi da basir da sanyi a kwalba ɗaya.

Rakiya ce ta kai ni. Taubashina, ɗan kasuwa mai shekara 52, ya tashi zuwa duba hawan jini, ya ce in biyo shi in yi masa tafinta tunda ina jin Larabci. Sai a jirgi ya faɗa mini ainihin abin da ya taso da shi: kasala ta hana shi sakat, da ya ci abincin rana sai gyangyaɗi a shago, sha'awar iyali kuma ta yi ƙasa ƙwarai. Mai mata biyu ba ya daɗe da ɓoye irin wannan. Taubasantaka ce ta sa ya iya buɗe mini baki, shi ne kuma ya yarje mini in rubuta, da sharaɗin kada in ambaci suna.

A Masar ɗakunan gwajin jini sun yi yawa, kuma mutum na iya shiga da ƙafarsa ya zaɓi gwajin da yake so ya biya, sakamako ya same shi a waya. Alhaji taubashina bai jira likita ba. Mun sauka da asuba ba barci, da azahar ya cika ciki da koshari ya bi da shayi mai suga cokali uku, da la'asar ya miƙa hannu aka ɗebi jini. Da takarda ta fito, layi huɗu na da alamar tauraro. Na sama shi ne testosteron, sinadarin da 'ya'yan maraina ke samarwa wanda ke riƙe da sha'awa da ƙarfin tsoka: 2.4 ng/mL. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka gani ko? An gano ɓarawon. Gobe sai allura."

Likitocin Alƙahira da dare suke zama a ɗakunansu na kansu, bayan sun taso daga asibiti, don haka sai wajen goma muka samu shiga. Dattijon likitan ya duba takardar sau ɗaya ya kife ta a tebur.

"Ya Hajj, ƙarfe nawa aka ɗebi jinin nan?"

"Da la'asar, Likita."

"Ka ci abinci? Ka yi barci daren jiya?"

Da na fassara masa amsoshin, ya ce to wannan lamba ba ta gaya masa komai ba tukuna. Testosteron yana hawa ne cikin barci, ya kai ƙololuwa da safe, ya riƙa sauka har yamma. Shi ya sa ƙa'idar ita ce a ɗebi jini tsakanin bakwai da goma ko sha ɗaya na safe, mutum bai karya ba, kuma sau biyu a ranaku daban. Shan suga gram 75 kaɗai na iya saukar da shi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wani binciken Jami'ar Chicago na 2011 ya nuna samari masu lafiya da aka taƙaita wa barci zuwa awa biyar na mako guda, nasu ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Zazzaɓi ma yana saukar da shi na ɗan lokaci. Kusan mutum uku cikin goma da gwajinsu na farko ya nuna ƙasa, in an maimaita sai a tarar lafiya lau.

Ya ja hankalinmu ga ma'aunin da ke gefen lambar, abin da ya sha rikita baƙi. Wani ɗakin gwaji zai rubuta 3 ng/mL, wani 300 ng/dL, wani a Ingila 10.4 nmol/L, alhali duk abu ɗaya ne. Likitocin mafitsara na Amurka sun sa iyaka a 300 ng/dL. Na Birtaniya suna ɗaukar ƙasa da 8 nmol/L a matsayin ƙaranci, 8 zuwa 12 kuma wurin shakka da ke bukatar ƙarin bincike. Wanda ya ɗauki lambar Alƙahira ya kwatanta da iyakar Landan, zai tsorata kansa a banza.

Daga nan sai tambayoyi, irin waɗanda ba don taubasantaka ba da na nemi hanyar fita. Yana farkawa da asuba ya ji gabansa a miƙe kamar da? Yana minshari har numfashi ya riƙa ɗaukewa? Yana tashi fitsari da dare? Wane maganin hawan jini yake sha, tunda wasu daga cikinsu na taɓa mazakuta? Akwai damuwar da ta zauna masa a rai? Sai kuma wadda ta sa Alhaji ya ɓata rai: yana shan tramadol? Likitan ya yi dariya ya ce kada ya ji haushi, kowa yake tambaya, domin a Masar maza da yawa na sha wai don su daɗe, ba su san cewa shi da kodin da danginsu suna danne samar da testosteron ba. Na ce a raina, wannan huɗuba har Kano da Maraɗi tana da masu saurare. Ya tashi ya ɗauko tef ya auna ƙugun Alhaji: santimita 108.

Tambayar asuba tana da tushe. A 2010 an wallafa wani babban bincike na Turai kan maza 3,369 masu shekara 40 zuwa 79, aka tarar alamu uku ne kawai ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ƙarancin sinadarin: raguwar miƙewar asuba, raguwar tunanin jima'i, da raunin gaba. Da aka haɗa alamun da gwaji, kusan kashi 2 cikin 100 ne suka cika sharaɗin. Kasala ita kaɗai ba shaida ba ce, domin ƙofofinta da yawa.

Gwaji na biyu da takwas na safe aka yi, bayan ya huta. Testosteron ya fito 3.2. Likitan bai tsaya a nan ba, ya nuna layin SHBG, wani furotin da hanta ke yi wanda ke ɗaure kaso mai yawa na testosteron a jini. Wanda ke yawo a sake kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai. Ƙiba da ciwon suga suna rage SHBG, sai jimilla ta yi ƙasa alhali na saken bai gaza ba. Tsufa da ciwon hanta kuwa suna ƙara shi, sai jimilla ta yi kyau a takarda mutum yana cikin rashi. Na Alhaji SHBG ne ya yi ƙasa, na saken da aka lissafa yana cikin iyaka. LH, saƙon da wani ɗan ƙululu a ƙasan ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina, daidai yake. Da ya hau sama sosai, da an ce laifin na maraina ne. Prolaktin daidai, TSH na maƙogwaro daidai. Haemoglobin 14, sama da 13 ɗin da ake ɗauka iyakar ƙarancin jini ga namiji. A nan ya yi gargaɗin da na rubuta: dattijon da aka samu da ƙarancin sinadarin ƙarfe, a nemo inda jini ke zurara a cikinsa kafin a ɗora shi kan maganin ƙarin jini.

Sai ya sa alƙalami ya zagaye layin da Alhaji bai ko kalla ba: HbA1c, 7.9. Wannan yana nuna matsakaicin sugan jini na wata biyu zuwa uku, kuma daga 6.5 ciwon suga ne. Jin daga Najeriya muke, ya tambayi ko yana da AS, saboda wasu injinan kan yi kuskure da jinin mai ɗauke da sikila. Ya tabbatar da gwajin suga na azumi: 162 mg/dL, iyaka kuwa 126. Likitan Masar ba baƙon wannan ciwo ba ne. Ƙididdigar Tarayyar Ciwon Suga ta Duniya ta 2021 ta ce kusan baligi ɗaya cikin biyar a ƙasar na ɗauke da shi.

"Ya Hajj," in ji shi, "testosteron ɗinka hayaƙi ne. Wutar tana cikin sugan nan da tumbin nan da minsharin nan."

Sauran taurari biyu bai ɓata lokaci a kansu ba. Bitamin D ya ɗan yi ƙasa, ya rubuta ƙwaya. Wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, niyutrofil, shi ma ya faɗo ƙasa da iyaka, ya ce yawancin mutanen Afirka ta Yamma haka jininsu yake tun haihuwa, ba ciwo ba ne, iyakar ce aka yanka da jinin wasu mutane. Iyakokin ma an tsara su ne su ƙunshi kashi 95 cikin 100 na masu lafiya, don haka lafiyayyen da ya yi gwaji iri 20, ya fi kusa ya ga tauraro ko da ɗaya.

Alhaji bai haƙura ba, ya ce ko allura ɗaya a yi masa ta ɗan tallafa. Likitan ya tambaye shi ko ya gama haihuwa. Ya ce amarya ɗa ɗaya gare ta. To, in ji likitan, allurar testosteron tana sa ƙwaƙwalwa ta daina aika wa maraina saƙo, ƙwayoyin maniyyi su ragu, wani lokaci su ɗauke gaba ɗaya, kuma dawowarsu na iya cin watanni ko fiye da shekara. Tana kuma kaurara jini, shi ya sa ake dakatar da ita in ƙwayoyin ja suka kai kashi 54 cikin 100, kuma ba a farawa sai an duba PSA saboda ƙululun mafitsara. Ga wanda ya cancanta magani ce mai amfani. Alhaji bai cancanta ba. An tura shi wurin likitan suga, aka rubuta masa gwajin barci da awon zuciya, domin jijiyoyin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, sukan riga su nuna toshewa da 'yan shekaru.

A ganina, abin da muka biya kuɗin jirgi muka samo ba na'ura ba ce. Gwajin suga na azumi da haemoglobin da tef na ƙugu akwai su a garuruwanmu, wasu ma a kuɗin da bai kai kwalba biyu ta mai lasifika ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne magidancin da zai zauna gaban likita ya faɗi ciwonsa da sunansa, maimakon ya ce basir ne.

Don haka, ɗan'uwa, in ka haura arba'in kana fama da kasala da mutuwar sha'awa, ka fara da awon suga da hawan jini. In za a auna testosteron, a yi da safe kafin ka karya, a maimaita wata rana, ka kai takardar wurin likita tare da duk ƙwayar da kake sha, har ta kemis da ta gargajiya.