An bar jaki ana dukan taiki: wata matsala da ke cinye kuɗin ɗalibanmu

A shekarun da na yi ina duba ayyukan ɗaliban ajin ƙarshe a fannin lantarki, babu koken da ya fi yawan zuwa gabana irin wannan: "Malam, allona ya ƙone." Sau da dama idan na bincika, sai in tarar allon lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne babbar manhajar kwamfutar ɗalibin ta sabunta kanta cikin dare, da gari ya waye ta daina gane allon. Kafin a gano haka, wani ya riga ya kashe kuɗin abincinsa ya sayo sabo, shi ma ya ƙi.

Allon da nake magana a kai shi ne irin su Arduino, wanda aka ƙirƙiro a garin Ivrea na Italiya a 2005, da kuma ESP32. Kowannensu na ɗauke da 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa da ake ɗora wa umarni, ta riƙa kunna famfon ban ruwa ko auna zafin ɗaki. Sai dai umarnin ba ya isa gare ta kai tsaye. Yana bi ta wayar USB, ya ratsa wata ƙwayar lantarki mai aikin tafinta a jikin allon, ita kuma kwamfuta ba ta jin yarenta sai da wata 'yar manhaja da ake kira direba. Duk mahaɗar da ta tsinke a cikin wannan sarƙa, saƙo ɗaya ɗalibi zai gani: ɗorawa ta gaza.

Tarihi ya nuna cewa mahaɗar direba ce sabuntawa ta fi taɓawa. A watan Oktoba na 2014, kamfanin FTDI na Sikotilan ya fitar da wani direba ta hanyar sabuntawar Windows, wanda ya riƙa sauya lambar shaidar jabun ƙwayoyinsa zuwa sifili, har kwamfuta ta daina ganinsu. Da ƙorafi ya yi yawa aka janye shi. Haka kuma da Ubuntu 22.04 ta fito a 2022, manhajar brltty, wadda aka tanada domin makafi masu amfani da na'urar rubutun Braille, ta riƙa ɗaukar ƙwayar CH340 a matsayin tata, ta ƙwace ta daƙiƙu kaɗan bayan an jona allo. Wannan ya shafe mu sosai, domin yawancin allunan da ɗalibanmu ke iya saye masu araha ne, kuma CH340 ce a jikinsu.

Saboda haka nake ɗora ɗalibaina a kan tsari guda, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Da farko a sauya waya, domin akwai wayoyin caji da ba su da layin ɗaukar bayanai. Fitilar allo za ta kama, amma saƙo ba zai wuce ba. Na biyu, a tambayi kwamfuta abin da take gani: a Windows a buɗe Device Manager, a Linux a buga dmesg, a lura da abin da ke bayyana sa'ad da aka jona allon. Idan ya bayyana da alamar gargaɗi, direba ne, sai a sauko da shi daga shafin masu ƙwayar. Idan ya bayyana ya ɓace, wata manhaja ce ta riƙe shi. Idan yana nan amma an hana shiga, a Ubuntu sai a duba ko mai amfani yana cikin rukunin dialout. A kuma tabbatar lambar tashar COM ba ta sauya ba. Sai bayan duk wannan, da gwada allon a wata kwamfutar, za a fara zarginsa.

Ba ina cewa a guji sabuntawa ba ne. Ita ce ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi, kuma tun da Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, ƙaura ta zama dole ga ɗakunan gwaje-gwajenmu. Abin da nake kira gare shi shi ne tsari. Ba a fafe gora ranar tafiya: kada a sabunta kwamfuta ana saura mako a kare aiki. Sassan jami'o'inmu su fara gwada kowace sabuntawa a kwamfuta ɗaya, su kuma adana direbobin da ke aiki a ma'ajiya, ganin yadda intanet da wutar lantarki ba su da tabbas.

Abin da ya fi damuna ba asarar kuɗin ba ce kaɗai. Ɗalibin da ya saba jefar da abu da zarar ya ƙi aiki, gobe shi ne injiniyan da zai ce a sayo sabuwar na'urar asibiti alhali fis ne ya tsinke. Wanda kuwa ya koyi tambayar "me ya sauya tsakanin jiya da yau?" ya samu abin da ya fi allon daraja.