Abin Da Na Gani A Zangon Kumasi

'Yar'uwa, ranar da aka ce ƙanwata za ta auri Batone, wato ɗan ƙabilar Asante ta ƙasar Gana, gidanmu ya hargitse. Gwaggo ta rantse ko alwala ba su iya ba. Inna kuwa gado ta ji wa tsoro, domin a al'adarsu ta gargajiya ɗan 'yar'uwar mutum ke gadonsa. Da ƙyar Baba ya amince.

Bayan shekara biyu na tafi Kumasi suna. Wallahi in kika sauka a Zango sai ki ɗauka a Fagge kike. Hausa ake yi a kasuwa da masallaci, don Hausawa fataken goro suna cikin waɗanda suka raya unguwar. Da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake, wadda suke kira waakye, sunan ma daga wakenmu aka samo shi. Kirarin masu talla ya tuna mini da ƙuruciyata.

Surukarta dattijuwa ce da ba ta rabo da carbi. Da na ba ta labarin Gwaggo sai ta yi dariya, ta ce ita ma an tsorata ta cewa 'yar Hausa ba ta zaman aure. Batun gado kuwa, ta ce Shari'a suke bi.

Don haka 'yar'uwa, in baƙo ya zo neman 'yarki, ki binciki addininsa da halinsa kafin ki ce a'a. Allah Ya ba 'ya'yanmu mazaje nagari, amin.