Ranar arba'in, a auna jinin uwa

Ƴar'uwa, ke da aka ce kina da ciwon sukari lokacin da kike da ciki, wannan magana taki ce. Kin sauka lafiya, barka da arziki. An yi suna, baƙi sun watse. Kowa jinjiri yake tambaya: yana shan nono? Yana kwana? Ni kuwa ke nake tambaya: yaya jininki?

Na san wannan ciwo, don ni ma na yi shi a cikina na huɗu. An gano shi wurin awo, ciki yana wata 6. Lokotoro ya gaya mini dalili. Mabiyiya, wadda ke ciyar da ɗa a ciki, tana zuba waɗansu sinadarai cikin jinin uwa. Su ne ke hana insulin yin aiki sosai. Insulin kuwa shi ke kwashe sukari daga jini, ya kai shi cikin jiki ya zama ƙarfi. Shi ya sa in mabiyiya ta faɗi, sukarin yakan sauka. Mata da yawa sukan bar magani bayan haihuwa. Amma kada ki bar naki sai lokotoro ya ce ki bari.

To, sukari ya sauka, shi ke nan an rabu? A'a. Wannan ciwo kamar wutar ƙaiƙayi yake, ƙasa-ƙasa yake ci. Masu bincike sun gano macen da ta yi shi da ciki ta fi sauran mata haɗarin kamuwa da ciwon sukari na dindindin wajen sau 7 zuwa 10. Yana iya shekaru cikin jiki ba ki ji kome ba. Kafin ƙishirwa da yawan fitsari da rama su bayyana, wataƙila ya fara taɓa ido da ƙoda.

Awon jini kaɗai ke nuna shi da wuri. Ana yin awon tsakanin sati 6 da sati 12 bayan haihuwa. Lissafin ba wuya. Kwana 40 na wankan biƙi sun kusa cika sati 6. A sati na 6 ɗin nan ne ake kai jinjiri allurar rigakafi. Ran da kika goya shi zuwa likita, ki nemi a auna ki ke ma. Ki tafi da safe, ba ki ci kome ba tun dare, sai ruwa. Wani wuri za a ba ki ruwan sukari gram 75 ki sha, a sake awo bayan awa 2. In likitar garinku ba ta da kayan awon, ki ce a rubuta miki takarda zuwa babbar asibiti.

Ki duba takardar da idonki, tunda yanzu kin iya karatu. A awon safe kafin cin abinci, 1,26 ko fiye alamar ciwo ce, za a sake awo don a tabbatar. Daga 1,10 zuwa 1,25 kashedi ne. Ko awon ya yi kyau, ki riƙa komawa sau ɗaya a shekara. In kika samu wani ciki, ki faɗa tun awon farko, don ciwon yakan dawo.

Sai maganar abinci. Mu nan, mai biƙi ƴar gata ce. Kunu da sukari, fura da sukari, shayi mai zaƙi, ana so ta yi ƙiba. Ni tsohuwata ce ta yi mini wanka. Na gaya mata abin da lokotoro ya ce, ta riƙa dama mini kunu ba sukari. Kwana uku na farko bakina ya ƙi, daga baya ya saba. Mai shayarwa ba ta zama da yunwa. Ki ci wake, zogale, yakuwa, ƙwai, kifi ko nama in akwai. Ki rage tuwo da shinkafa, ki ƙara ganye. Ki bar lemun kwalba. Zuma ma sukari ce.

Ki ba ɗanki nono zalla har wata 6, ki ci gaba har shekara 2 tare da abinci. Shayarwa tana rage miki haɗarin ciwon. In jiki ya yi ƙwari, ki riƙa tafiyar ƙasa da sauri, minti 30, kwana 5 a sati. An gwada a Amurka: rage ƙiba da motsa jiki sun rage haɗarin wajen rabi.

Kai kuma maigida, kuɗin awon nan bai kai kuɗin ragon suna ba. Ka ba ta, ka raka ta in ka samu hali.

Yanzu ɗauki alƙalami, ƴar'uwa. Ƙirga sati 6 daga ranar da kika haihu. Rubuta ranar a bayan takardar awon jinjiri, da sunanki kusa da nashi. Allah ya raya, ya ba mu lafiya.